MURYA DA NUMFASHI A WASAN KWAIKWAYO

In dare ya yi, wani ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, mai gida ya kan san ko wane ne tun bai gan shi ba. Ya kan san ko yaro ne ko dattijo, ko ɗan gari ne ko baƙo. Har ma ya kan gane ko lafiya ta kawo shi ko kuwa wata masifa ce, alhali kalmomin sallama ɗaya ne a bakin kowa. Muryar mutumin ce ta gaya masa haka, da kuma yadda ya ja numfashi kafin ya buɗe baki.

To, wannan sanin da kowa ya ke da shi ba tare da an koya masa ba, shi ne jarin mai wasan kwaikwayo. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban jama'a ya zama wani mutum dabam, har waɗanda suka san shi tun yana yaro su manta da ɗan wane ne. Masu fara wannan sana'a da yawa su kan ɗauka tufafi ne ke yin aikin. Sai mutum ya ari babbar riga, ya naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya ce ya zama Sarki. Amma da ya buɗe baki sai ka ji ɗan mai shayin bakin kasuwa ne, jama'a su yi dariyar da ba ita aka nufa ba. Wanda ya gwanance kuwa, ko da 'yar shara ya fito, in ya yi magana sai ka ga Sarki.

Kada ka ce wannan al'amari na mutanen birni ne. Kai mutumin Bagega, ko na Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ka tashi cikinsa. Tsohuwa mai tatsuniya ba ta da riga ba ta da rawani, duhu ma ba ya barin a ga fuskarta, amma in Gizo ya shigo labari yara su kan san shi nan da nan saboda tsamin bakinsa, gama ba ya iya cewa Sarki sai Shayki. In Kura ce sai ta kauraro murya, in Dodo ne sai ta sauke ta can cikin ƙirji har na kusa da ita su matso jikinta. Da watan azumi ya kwana 10 yara su kan fita tashe, wannan ya zama tsoho mai gemu, wancan ya zama Jatau mai magani yana tallar saiwoyi. A da kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyuka su kan shirya kalankuwa, su naɗa Sarkinsu da Alkalinsu da 'yan dokarsu, a yi ta shari'ar wasa ana cin mutane tara. Wannan biki ya ja baya a wurare da yawa, amma dattawa suna tune da shi. A Kano akwai 'yan kama, waɗanda su kan kwaikwayi malami yana wa'azi ko mawaƙi yana waƙa, sai dai duk zancen ya ƙare a kan tuwo da nama. Daga baya aka shiga rubuta wasa a takarda. Abubakar Tunau, mutumin Mafara, yana cikin na farko da suka yi haka da Hausa, littafinsa Wasan Marafa ya fito a 1949.

INDA MURYA TA KE FITOWA

Kafin mutum ya iya sarrafa abu, wajibi ne ya san yadda abin ya ke. Ka duba maƙeri da zuga-zuginsa. In ya ɗaga sai iska ta shiga, in ya danna sai ta fita ta hura wuta. Haka huhun mutum ya ke, sai dai huhu ba shi da ƙarfin kansa. Akwai wani faffaɗan nama a ƙarƙashinsa wanda ya raba ƙirji da ciki, mahauta sun san shi, gama su kan gan shi duk sa'ad da suka feɗe rago. In wannan nama ya ja ƙasa sai huhu ya buɗe, iska ta shiga, ciki ya ɗan turo waje. In ya saki sai iska ta fita. Babban mutum mai lafiya, in yana zaune ba ya aikin kome, ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda.

Iskan nan da ke fita ta kan bi ta maƙogwaro. A nan, daidai bayan zakaran wuya, akwai waɗansu 'yan leɓuna biyu na nama. In mutum numfashi kawai ya ke yi, a buɗe su ke. In ya so magana sai su haɗu, iska ta kutsa tsakaninsu, su yi ta karkarwa, karkarwar nan ita ce murya. Sa yatsa a zakaran wuyanka ka ce “aaa”, za ka ji ta. Na namiji babba su kan kaɗa wajen sau 120 a sakan ɗaya, na mace wajen sau 200, na yaro ƙarami har sau 300. Dalili kuwa na namiji sun fi tsawo da kauri, kamar yadda tsirkiyar molo mai kauri ta kan ba da amo mai nauyi, siririya kuma ta ba da mai zaƙi. Shi ya sa muryar yaro ta kan fashe in ya balaga, domin a lokacin ne maƙogwaronsa ya ke girma.

Mutum kuwa yana iya ɗaure leɓunan nan ko ya sassauta su, kamar yadda mai kalangu ya kan matse tsarkiya a hammata amo ya hau, ya saki amo ya sauka. Sa'an nan baki da hanci da maƙoshi su ne ƙoƙon da amon ya ke cika a ciki. In ka buɗe maƙoshi kamar mai hamma, murya ta yi zurfi. In ka tura ta hanci, ta zama ta wani mutum dabam. In ka kawo ta gaba wajen haƙora, ta yi kaifi. Ashe ke nan kowane mutum yana ɗauke da muryoyi da yawa, guda ɗaya kurum ya saba amfani da ita.

NUMFASHI SHI NE GABA

Ga abin da ya fi kome muhimmanci a cikin wannan magana. Mai koyo ya kan fara da murya, ya ce bari in yi muryar tsoho, sai ya shiga kakkarwar murya kamar akuya mai jin sanyi. Wannan kuskure ne. Fara da numfashin tsohon, murya za ta biyo da kanta.

Je ka zauna kusa da dattijo ɗan shekara 80 ka saurara. Ba kullum muryarsa ke rawa ba. Abin da za ka lura da shi shi ne iskarsa kaɗan ce, saboda haka ba ya iya kai dogon zance ƙarshe da numfashi ɗaya. Ya kan faɗi kalma huɗu ko biyar, ya tsaya, ya ja iska, ya ci gaba, ƙarshen maganar kuma ya kan nutse. Amma da ya ke ya san ba mai katse shi, ba ya gaggawa. In ka yanka zancenka haka, ka tsaya inda ya ke tsayawa, sai ka ga bayanka ya ranƙwafa da kansa, hannunka yana neman sanda.

Haka kowane hali na zuciya ya ke da numfashinsa. Mai jin tsoro numfashinsa gajere ne, a saman ƙirji ya ke, kafaɗunsa na ɗagawa. Mai fushi ya kan cika ƙirji ya riƙe, sa'an nan ya sako magana gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsin ruwa. Mai baƙin ciki ya kan sauke ajiyar zuciya tukuna, sa'an nan ya yi magana da ɗan abin da ya rage, shi ya sa ba a jinsa sosai. Wanda aka yi wa tambayar da ba ya so ya amsa, ya kan ɗauke numfashi ɗan lokaci kaɗan kafin ya ce kome, 'yan kallo kuwa su kan ga wannan tsayawa, su san akwai magana a ƙasa. Dillali a kasuwa ba ya yarda ya ja numfashi a inda zance ya ƙare, domin kada mai saye ya sami ƙofar sa baki, sai ya saci iska a tsakiyar magana ya wuce. Wanda ya fito daga ramin haƙar zinariya yanzu-yanzu, aka tare shi da labari, ba zai amsa kamar wanda ya wuni a inuwa ba.

Sarauta ita ce inda masu koyo su ka fi faɗuwa. Su kan ɗauka mai iko shi ne mai tsawa, sai ka ga Sarkin wasa yana ta ihu jijiyoyin wuyansa a miƙe. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa fadar Sarkin Zamfara a Anka, ko wata fada a ƙasar Hausa, ya san ba haka abin ya ke ba. Sarki ba ya ɗaga murya. Amawali ya rufe bakinsa, maganarsa kaɗan ce, a hankali ta ke fita, wani lokaci ma ba shi ke amsa gaisuwa ba, fadawa ne ke amsawa da ƙarfi a madadinsa. Ƙarfin murya na dogari ne da sanƙira da maroƙi. Saboda haka in an ba ka Sarki a wasa, ja numfashi mai zurfi har ciki, ka sake shi sannu sannu, ka bar mutane su jira ka. Shirun da ka yi kafin ka yanke magana ya fi rawanin da ke kanka aiki. Amma fa akwai wuya a nan, gama dole na bayan fage su ji ka. Dabarar ita ce ka rage sauri, ka fitar da kowane harafi sarai, iska kuwa ta taso daga ciki, kada ka matse maƙogwaro.

Masu bori sun daɗe da sanin wannan, ko da ya ke su ba su kiran abinsu wasa, malamai kuma sun yi hani da shi. Abin da ya shafe mu a nan kaɗai shi ne, 'yan kallo su kan gane wane iska ne aka ce ya hau tun ba a faɗi sunansa ba. In Malam Alhaji ne, sai mutum ya duƙa yana tarin tsufa. In Kuturu ne, sai ya dunƙule yatsu yana magana ta hanci. In abin ya zo ƙarshe kuma, atishawa ce alamar sauka. Tari da hanci da atishawa, duka aikin numfashi ne.

Da rediyo ya zo sai wannan al'amari ya fito fili, gama a rediyo ba riga ba rawani, murya ce kaɗai. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a rediyo da talabijin na Kaduna da wasan Samanja Mazan Fama. Shi kansa ya yi aikin soja, ya san yadda samanja ke magana a bariki: gajerun kalmomi masu fita kamar harbi, kowace da nata bugun iska daga ciki, da Hausar bariki gauraye da Turanci. Mutane da yawa sun manta da sunansa na yanka, Samanja kawai su ka sani. Mutanen Girka na dā ma, fiye da shekara 2,400 da suka wuce, maza uku ne kan raba dukan masu magana na wasa guda a tsakaninsu, har da mata, fuskokinsu a rufe, a fili kuma gaban dubban mutane. Mutum ya fita yana sarki, ya komo yana tsohuwa.

YADDA ZA KA HORAR DA KANKA

Kwanta rigingine a tabarma, ka ɗora ƙoƙo a kan cibiyarka. Ja iska ta hanci. In ƙoƙon ya ɗaga, ƙirjinka bai motsa ƙwarai ba, to, ka yi daidai, haka jariri ke numfashi. In kafaɗu ne ke ɗagawa, sake. Bayan ka saba a kwance, ka yi a zaune, sa'an nan a tsaye. Daga nan sai ka ja iska ka shiga ƙirga da murya, ɗaya, biyu, uku, ba gaggawa, ka ga inda za ka kai. Kada ka matse kanka har ka ga jiri. Kullum ka yi kaɗan, cikin 'yan makonni za ka ga lissafin ya ƙaru. Manufa ita ce ka zama mai iko da iskarka, ka kashe ta inda ka so, kamar mai kuɗi da ya san abin da ke aljihunsa.

Mai busa algaita ya wuce nan. Ya kan tara iska a kumatu, yana tura ta cikin algaita da kumatun yana kuma jan sabuwa ta hanci, shi ya sa busarsa ba ta yankewa. Mai wasa ba ya bukatar wannan, amma ya isa ya nuna maka iyakar abin da horo ke yi. Makaɗan fada na ƙasar nan, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, suna da wata dabara dabam: in jagora ya kai ƙarshen ɗiyan waƙa sai 'yan amshi su karɓa, shi kuwa ya huta ya cika ƙirji. Haka abokin wasanka ya ke gare ka. Lokacin da ya ke magana, a nan za ka ja numfashin amsarka, irin numfashin da maganarsa ta jawo. Wanda ya tsaya yana jiran layinsa kawai, bai saurari abokinsa ba, kullum amsarsa a makare ta ke zuwa.

Sa'an nan ɗauki magana guda gajeriya, misali: “Sannu da zuwa, shigo ka zauna.” Faɗe ta kamar mai gida da ɗansa ya komo daga doguwar tafiya. Faɗe ta kamar wanda mai binsa bashi ya yi wa sammako. Faɗe ta kamar Alkali ga mai ƙara, kamar amarya ga uwar mijinta, kamar majinyaci ga mai dubiya. Kada ka canja kalma ko ɗaya. Kowane karo, kafin ka buɗe baki, tambayi kanka: daga ina mutumin nan ya fito, me ya ke so ga wanda ya ke yi wa magana, me ya ke ɓoyewa? Ka sa wani ya juya maka baya ya saurara, in ya faɗi ko wane ne ba ka gaya masa ba, ka ci. Wani mashahurin malamin wasa na ƙasar Rasha, Stanislavski, wanda ya rasu a 1938, irin tambayoyin nan ya ke sa almajiransa su yi wa kansu kafin su taka fage.

In mace aka ba ka, kamar yadda a kan yi inda mata ba su fita wasa, kada ka tsuke murya kana tsiwa kamar ɗan tsako. Ba macen da ke magana haka. Ɗaga murya kaɗan kawai, ka sauƙaƙa ta, ka kawo ta gaban baki, sauran aikin kuwa na saurare ne: yadda gwaggonka ke jan gaisuwa, da inda ta ke sa salati, da yadda ta ke shiru in an ambaci sunan da ta ke jin kunya.

Akwai wani tarko da harshenmu ya ke da shi. Hausa tana da hawa da sauka, tana da ja da gajartawa, su ne ke rarrabe ma'ana. Kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Gari na mutane dabam, gari na tuwo dabam. Wuya ta jiki dabam, wuya ta wahala dabam. Kome ka yi da muryarka, ko ka kai ta sama ko ka kai ta ƙasa, sai ka tafi da waɗannan yadda su ke, in ba haka ba ka sami mutum amma ka zubar da magana. Haka kuma ɓ da ɗ da ƙ da ts, su ne su kan fara ɓacewa in mutum yana ihu.

Karin harshe ma kayan aiki ne. Bazamfare ya ce biyat, Bakano ya ce biyar. Wannan ya ce mi, wancan ya ce me. Wannan ya ce yaz zo, wancan ya ce ya zo. Kalma biyu ko uku sun isa su gaya wa jama'a garin mutum. Sai dai a nan a ke gane mai hankali. Kasuwannin ƙasar nan suna tara Fulani da Dakarkari da Yarbawa da Zabarmawa, kowa da irin Hausarsa. Akwai masu wasan da ba su da abin ba da dariya sai karya harshen baƙo, ko in'inar mai in'ina. Wannan arha ce, kuma ba'a ce, ta kan bar ƙulli a zuciyar wanda ke zaune cikin 'yan kallo. Barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, yana da daɗi domin kowa na ramawa. A fage kuwa wanda ka kwaikwaya ba shi da bakin ramawa. In za ka yi Bafulatani, yi Bafulatani guda, mai suna, mai shanu kaza, mai abin da ke damunsa, har ɗan'uwansa in ya gani ya ce lalle ya san irin wannan mutum.

KIWON MAƘOGWARO

Leɓunan nan biyu ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, kuma ba a sayen sababbi. Su kan so laima, saboda haka sha ruwa da yawa, balle da hunturu. Kada ka fara da ihu da sanyin safiya, fara da 'yar ƙugi a hankali baki a rufe, kamar yadda ɗan kokawa ke motsa jiki kafin ya shiga fage. Hayaƙin taba yana ƙona su. In muryarka ta dishe, yi shiru ka huta, kada ka koma raɗa, gama raɗa da ƙarfi ita ma gajiyar da su ta ke yi. In dishewa ta wuce mako 3 ba ta tafi ba, je asibiti a duba.

Ƙura kuwa, mutanen Bagega sun fi kowa sanin sharrinta. A 2010 aka gano cewa ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje tana ɗauke da gubar dalma, ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Ban da dalma, ƙurar dutse ta kan zauna a huhun babba ta taurara shi sannu sannu, har mutum ya kasa hawa tudu ba haki, huhun da ya taurara kuwa ba ya komawa yadda ya ke. In aikinka ke nan da rana, ka jiƙa dutse kafin a niƙa, ka rufe hanci da baki, ka yi wanka ka sake tufafi a can wurin aiki kafin ka shiga gida ko ka tafi dandali.